Babi na Bakwai: Dalilin da Ya Sa Ƙarfe Ke Karyewa

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Koko ta ratsa Mahuta ta nufi Dabai da Zuru a lokacin kaka, zai ji ƙarar inji kafin ya hangi rufin gidaje. Ga injin sussukar dawa da masara a bakin gona, ga injin niƙa a cikin unguwa, ga babura ɗauke da buhu bibbiyu suna gurnani a hawan tudu, ga mai walda a gefen titi yana ɗinke ƙafar amalanke. Mahuta ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Fakai a masarautar Zuru, ƙasar manoma tun kaka da kakanni, inda Fakkawa da Dakarkari da Hausawa da Fulani suke cin kasuwa ɗaya. Sai dai noman yau ya wuce fartanya da ƙarfin damtse. Kaso mai yawa na wahalar da a da ake yi da turmi da taɓarya da sandar bugu ya koma wuyan ƙarfe mai juyawa, kuma ranar da ƙarfen nan ya tsaya, har tuwon dare sai ya makara.

Kusan babu ɗaya daga cikin waɗannan injina da aka zana domin wannan ƙasa. Kan injin daga Sin ko Indiya yake zuwa, an auna shi da yanayin da ba shi da ƙurar hunturu irin tamu ko zafin watan Afrilu. Gangar jikin kuwa, wato akwatin sussuka ko bakin niƙa, yawanci a Panteka ta Kaduna ko a Kano ko a wani shagon walda na kusa aka haɗa shi, da ido da gwanintar hannu, ana kwaikwayon wani da aka taɓa gani. Tsakanin kan injin da gangar jikin akwai tambayoyin da ba wanda ya zauna ya amsa: wane girman fuli ya dace, sau nawa ya kamata shaf ya juya a minti ɗaya, wane irin ƙarfe zai jure duka. Amsa irin waɗannan tambayoyi da lissafi, tun kafin a yanka ƙarfe, shi ne aikin injiniyan injina, kuma shi ake shekara 5 ana koyo a jami'a.

Ba na son a fahimce ni kamar ina rage darajar bakanike. Bakaniken da ya shekara 20 a gareji yakan kasa kunne ya gaya maka cewa ringi ne ya cinye ko kafireto ne ya toshe tun kafin ya ɗauki sifana, kuma wannan ilimi ne na gaske wanda babu littafin da ke ba da shi. Iyakarsa ɗaya ce. Ya san yadda ake mayar da inji yadda yake a da, amma idan yadda yake a da ɗin ne ke da kuskure, zai gyara yau, a dawo masa bayan wata biyu, ya sake gyarawa, mai inji yana ta biya yana zargin kayan gyara da cewa jabu ne.

Ɗauki boris na injin niƙa. Bel ya fara zamewa, sai mai inji ya ja kan injin baya ya ɗaure bel ɗin tamau, niƙa ya ci gaba. Bayan 'yan makonni boris ya fara kuka, ya yi zafi, ya tarwatse. A sa sabo, shi ma ya bi sahun ɗan'uwansa. Lissafin da masu ƙera boris suke aiki da shi ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan boris mai ƙwallaye sau 2, kwanansa yakan koma kashi 1 cikin 8. Ɗaurin da aka ƙara wa bel ɗin nan shi ne nauyin. Ainihin ciwon kuwa yana can gefe: ko dai ramin fulin ya side, ko fulin ya yi ƙanƙanta har bel ba ya samun wurin kamawa, ko kuma fulin biyu ba sa kallon juna sosai. Wanda ya karanta zanen sassan inji zai auna waɗannan da zare da ma'auni cikin minti kaɗan, ya ce a canja fuli ɗaya, a huta da sayen boris.

Ko kuma injin ban ruwa, wanda manoman fadamar Kebbi suka sani kamar yunwar cikinsu. Mutane da yawa suna ɗauka ƙarfin injin ne ke jawo ruwa daga rijiya. Abin da injin yake yi shi ne ya rage matsin da ke cikin tiyo, sai nauyin iskar sararin sama da ke danne ruwan ya turo shi sama. Nauyin iskar nan kuwa yana da iyaka: ba zai iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10 ba, a aikace ma da wuya a wuce mita 7 ko 8. Wani Ba'italiye mai suna Torricelli, almajirin Galileo, shi ya bayyana dalilin a gwajinsa na 1643. Shi ya sa idan rani ya yi nisa ruwan ƙasa ya ja baya, manomi kan haƙa rami ya saukar da injin cikinsa don ya kusanci ruwa. Ya gano maganin da gwaji, kuma ya yi daidai. Amma akwai wanda bai sani ba, ya sayar da akuyoyinsa ya sayi inji mai ƙarfin doki ninki biyu, ya kai gona, ruwa ya ƙi hawa. A ƙasar tudu da duwatsu irin ta Zuru, inda ruwa ke nesa a wurare da yawa, famfon da ake zurawa can cikin rijiyar burtsatse ya turo ruwan daga ƙasa shi ne amsa, kuma zaɓensa lissafi ne: zurfin ruwa, tsawon bututu, faɗinsa, da lita nawa ake so a awa.

Darasin da na fi so matashi ya ji labarinsa tun kafin ya shiga jami'a shi ne na gajiyar ƙarfe. Ƙarfe yana gajiya. Sandar da za ta ɗauki nauyi mai yawa sau ɗaya ba ta ko lanƙwashe ba, idan aka yi ta ɗora mata ƙaramin nauyi ana saukewa sau miliyoyi, sai wata 'yar tsaga da ido ba ya gani ta fara a wani lungu, ta yi ta ci a hankali har ranar da sandar za ta ɓalle ba sallama. Turawa da jini suka koyi wannan. A 1842 sandar ƙafar wani jirgin ƙasa da ya taso daga Versailles zuwa Paris ta karye, taragai suka hau juna suka kama wuta, mutum fiye da 50 suka mutu. Bayan haka wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a kan injin gwaji yana ƙirga juyi nawa kowace ke yi kafin ta karye, har ya fito da ƙa'idar da ake koyarwa har gobe. A 1954 kuma jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila suka tarwatse a sararin sama, bincike ya gano tsagar ta faro ne daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikin jirgin. Kusurwa mai kaifi tana tara wahala wuri ɗaya. To wannan ƙa'ida ita ce ke aiki a shaf ɗin injin sussuka da ke karyewa kullum a wuri guda, daidai inda mai feƙe ƙarfe ya yi masa gaɓa mai kaifi, ko inda aka ɗiga masa walda. Da an zagaye gaɓar kaɗan, da ya kai kaka uku ko huɗu. Maƙeran gargajiya sun san wani yanki na wannan ilimi tun da daɗewa: sun san launin da bakin gatari zai yi a wuta kafin a tsoma shi a ruwa, sun san idan aka wuce gona da iri zai yi tauri amma ya riƙa ɓantarewa. A jami'a za a nuna maka abin da ke faruwa a cikin ƙarfen a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ba ka ma'aunin zafin da lamba.

Kada wani ya ce duk wannan batun asarar kuɗi ne kawai. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, maƙwabtan masarautar Zuru, yara suka fara suma suna mutuwa ba a san dalili ba, har likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinaren yankin suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma ana kawo su cikin gari ana niƙa su a bushe da irin injin da ake niƙa hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Likitoci sun yi nasu, an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, amma daga cikin matakan hana maimaituwa akwai na injiniya tsantsa: a fitar da niƙan daga gari, a koma niƙa da ruwa don ƙura kada ta tashi, a tsara inda ruwan zai kwanta. Ana haƙar zinare a ƙasar Yauri da wasu sassan Fakai. Ina ganin wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa yankin ya buƙaci 'ya'yansa da suka san yadda ake zana injin niƙa dutse wanda ba zai kashe ƙannensu ba.

Hanyar kuwa tun daga aji 4 na sakandare take farawa, ranar da aka raba ɗalibai zuwa kimiyya da adabi. Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci, lissafi, fiziks da kemistiri, kuma waɗannan huɗun ne ake rubutawa a JAMB. A nan ne yaran karkara da yawa suke zubewa, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba. Makarantar da ba ta da malamin fiziks tsayayye, ko ɗakin gwajinta ba komai sai kujeru, ba za ta fitar da injiniya ba sai da taimakon wani daga waje, kuma rashin tsaron da ya addabi masarautar a shekarun nan ya ƙara raba yara da aji. Shawarata ga iyaye da ƙungiyoyin ci gaban gari ita ce su dubi lissafi kafin komai. Yaro ko yarinyar da ta riƙe aljabara da lissafin kusurwoyi da kyau za ta iya cike giɓin sauran daga baya. Wanda lissafinsa ya rube tun daga tushe kuwa, shekarar farko ta jami'a za ta yi masa tsauri ƙwarai. Na ce yarinya da gangan. Babu wani abu a cikin wannan karatu da ke buƙatar ƙarfin ƙirji, kuma mata ne suka fi kowa sanin inda injin niƙa da na matsar man gyaɗa suke cutar mai aiki da su.

Wuraren karatu ba su yi nisa ba. A cikin jihar Kebbi akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, tana da tsangayar injiniya. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962 ta gaji karatun injiniya daga tsohuwar kwalejin da ta riga ta a wurin, kuma ita ta yaye yawancin manyan injiniyoyin Arewa na farko. Akwai Bayero a Kano, da jami'ar fasaha ta tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983. Wanda bai samu shiga kai tsaye ba, ƙofar kwalejin fasaha a buɗe take: Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko Kaduna Polytechnic, ya yi difloma ta shekara 2, in sakamakonsa ya yi kyau ya shiga jami'a a aji 2. Kada a raina wannan hanya, domin masu bin ta sukan iso jami'a hannunsu ya riga ya saba da injin feƙe ƙarfe da walda. Daga kwalejin Birnin Kebbin nan Jelani Aliyu ya fito, inda ya karanta zanen gine-gine kafin ya tafi Detroit ta Amurka ya koyi zanen mota, ya yi aiki da General Motors, ya zana siffar Chevrolet Volt, aka kuma naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta Najeriya a 2017. Ita kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, duk wanda zai yi aiki a kan injinan gona a wannan yanki zai yi hulɗa da ita ko ba jima ko ba daɗe.

Shekarar farko kimiyya ce zalla. A ta biyu ake haɗa duk ɗaliban injiniya a koya musu zanen fasaha, aikin bita, ƙarfin kayan aiki, ilimin zafi da na gudanar ruwa da iska, sannan a yi musu horon hannu na wasu makonni da ake kira SWEP. Daga ta uku ake shiga gundarin fannin: zanen sassan inji, giya da shaf da boris, girgizar inji, yadda zafi ke ratsa abu, injin mai da na dizal, na'urorin sanyaya wuri, sarrafa ƙarfe. A nan ɗalibi zai ji cewa daga cikin man da babur ke sha, abin da ke zama tafiya bai fi kashi 1 cikin 4 zuwa 1 cikin 3 ba, sauran zafi ne da ke bin salansa da jikin inji, kuma wani Bafaranshe, Sadi Carnot, ya nuna tun 1824 cewa akwai iyakar da babu injin zafi da zai tsallake. A shekara ta huɗu ana fita wata 6 zuwa masana'anta a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda asusun horar da ma'aikata na ITF ya ƙirƙiro a 1973. Ta biyar ta aikin kammalawa ce. Shekara 5 ke nan a takarda, amma yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya ci wata 8, don haka a shirya wa abin da ya fi haka. A ƙasar da saurayin Badakkare kan yi shekaru yana noman golmo a gonar surukansa kafin a ba shi mata, jiran abin da ake so da aiki ba baƙon abu ba ne. Batun kuɗi kuwa, asusun bashin karatu na NELFUND ya fara aiki a 2024, akwai kuma tallafin jiha da na PTDF ga wanda ya dage da nema.

Ga inda nake da ƙorafi, kuma zan faɗe shi a fili. Jami'o'inmu da yawa suna ba da kai, suna rowar hannu. Ɗalibai sun yi yawa, injinan bita sun tsufa, wuta ba ta tsayawa, sai a wayi gari mutum ya ci jarrabawar injin dizal da maki mai kyau alhali bai taɓa kwance kan silinda ba. Irin wannan idan ya je neman aiki, tambaya biyu za a yi masa a gane. A nan ne ɗan Mahuta yake da abin da ɗan birni ba shi da shi, in ya san darajarsa. Ya tashi yana ganin cikin inji a buɗe. Abin da ya rage shi ne kada ya ji kunyar komawa gareji da hutu ya ce, "Maigida, a ba ni sifana in taya ku," ya zauna a ƙasa tare da yaran shago, ya yi baƙi da mai. Kuma watanni 6 na SIWES kada ya yarda ya ɓata su a ofishin da ba a komai sai sa hannu a littafi. Ya nemi inda inji ke juyawa, ko da ba za a ba shi ko sisi ba. Ya haɗa da koyon zane a kwamfuta, AutoCAD da SolidWorks, domin babu kamfanin da ke zane da fensir yanzu.

Aikin kammalawa ma a zaɓe shi daga gida. Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya ɗauki tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ruwan da ke tashi ya riƙa janye zafi, kayan miya suka daɗe ba su ruɓe ba. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Ilimin zafi ne na aji 3, aka sa shi a inda ake buƙatarsa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ta daɗe tana aiki a kan na'urorin busar da amfanin gona da hasken rana, cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kuma a kan injinan sussuka. Ɗalibin da ya auna hatsin da injin garinsu ke fasawa, ya gano saurin juyin da zai rage asarar, ya fi wanda ya kwafo aikin da aka yi sau goma a ɗakin karatu.

To bayan digiri da bautar ƙasa, ina aka nufa? Ƙasar Zuru ta san kaki. Ita ta haifi Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, kuma da wuya ka shiga unguwa ba ka sami gidan tsohon soja ba. Abin da matasa da yawa ba su lura da shi ba shi ne soja ma injiniyoyi yake nema. Rundunar ƙasa tana da sashe guda na injiniyoyin lantarki da injina, da makarantarsa a Auchi, su ke riƙe da motocin yaƙi da manyan bindigogi. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna tana koyar da wannan fanni, haka ma cibiyar fasaha ta sojan sama, AFIT, ga kuma masana'antar kayan yaƙi ta DICON da ke Kaduna tun 1964. Mai digiri yana iya shiga ta gajeren horon hafsoshi ya fito da anini a kafaɗa.

Kudu da Yauri akwai madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, mai ƙarfin megawat 760 idan duk injinanta suna aiki. Tun 2013 kamfanin Mainstream ke gudanar da ita tare da Jebba. Ga Shiroro mai megawat 600, ga sabuwar Zungeru mai 700, dukkansu a jihar Neja, maƙwabciya. Mutane suna ɗauka tashar wuta ta injiniyan lantarki ce, amma kafin a kai ga waya akwai farfelar da ruwa ke juyawa, da shaf mai kaurin gangar bishiya, da boris da man da ke sanyaya shi, da ƙofofin ruwa, kuma duk na injiniyan injina ne. Mai wannan aiki yakan ɗora na'ura a jikin inji ya karanta girgizarsa, ya san cewa wani sashe zai lalace watanni kafin ya lalace, a tsara ranar tsayawa maimakon a jira ta zo da kanta.

Shinkafa ta buɗe wata ƙofar. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, manyan injinan casa suka ƙaru: Labana a Birnin Kebbi, WACOT a Argungu da aka buɗe a 2017. Kowannensu yana da tukunyar tururi ta turara shinkafa, da na'urar busarwa, da bel-bel masu ɗaukar kaya, kuma tukunyar tururi ba abin wasa ba ce, in aka yi sakaci da ita fashewa take yi. A Kalambaina ta Sakkwato akwai masana'antar siminti ta BUA. Can kudu akwai matatar Dangote mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2023, da kamfanonin mai da gas da kowa ke mafarki. Albashinsu yana da tsoka, amma guraben kaɗan ne, masu nema dubbai. Gaskiyar da ya kamata matashi ya sani ita ce yawancin aikin injiniyan injina a Najeriya yau kula da inji ne da tsara gyaransa. Masana'antun da za su ba shi damar zana sabon abu daga tushe ba su tsaya da ƙafafunsu ba: Ajaokuta da aka fara tun ƙarshen shekarun 1970 har yau ba ta narka ƙarfe yadda aka tsara ba, Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975 ba ta kai yadda take a da ba, masaƙun Kakuri sun yi shiru. Kula da inji kuwa aiki ne mai daraja, kuma ana neman wanda ya iya shi daga asibiti mai janareto da na'urar iskar numfashi har zuwa hukumar ruwa.

Ko ina mutum ya sami kansa, ya riƙa rubuta ayyukan da ya yi, domin bayan shekara 4 na aiki zai nemi rajista da COREN, hukumar da aka kafa a 1970 don tsara aikin injiniya, kuma sai da rajistarta doka ta yarda ya kira kansa injiniya ya sa hatimi a zane. Ƙungiyar injiniyoyi ta NSE, da ta samo asali tun 1958, ita ce zauren 'yan sana'ar. COREN tana da rajista har ga masu difloma da masu sana'ar hannu, abin da kanikawa da masu walda da yawa ba su sani ba.

Akwai kuma wanda zai koma gida ya kafa nasa, kuma a ganina yanzu ne lokacinsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin ban ruwa ya ninka, manoman rani suka bazama neman mafita. Wasu sun juya injinansu zuwa tukunyar gas ta girki, wasu sun koma sola. Duka biyun suna aiki, duka biyun kuma ana yin su da ka. Ana haɗa tiyon gas da igiyar roba kusa da salansa mai zafi. Ana sayar wa manomi faifan sola 4 inda famfonsa ke buƙatar 6, ko a sa masa siririn bututu mai nisa wanda ke cinye rabin ƙarfin famfon kafin ruwa ya kai kwami, sai ya ce sola ƙarya ce. Matashin da zai zo da ma'aunin zurfi da littafin lissafi, ya auna rijiya a watan Afrilu lokacin da ruwa ya fi ja da baya, ya tambayi faɗin gonar da abin da za a shuka, ya rubuta wa manomi girman famfo da na bututu da yawan faifai, ya kuma dawo bayan wata guda ya duba, ba zai rasa masu kiransa ba daga Mahuta har Bajida da Marafa. Jarinsa na farko bai wuce babur, akwatin kayan aiki da amanar dillali ɗaya a Kano ko Kaduna da zai riƙa aiko masa da kaya na ƙwarai ba. Idan ya haɗa kai da mai walda na gari, shi yana zane da awo, wancan yana yanka da ɗinki, da damina su koma kan garmar shanu da injin shuka, da kaka su koma injin sussuka, shagon ba zai rufe ko wata ɗaya a shekara ba.